Paul Bowles na Tanja: Baƙon da Ya Shekara 52 a Maroko da Rigimar da Fina-finai Suka Kasa Kashewa

Mutumin da ya bar ƙasarsa ya tare a ƙasar wasu, ya shekara 52 a cikinsu, ya rubuta littattafai a kansu, ya naɗi kaɗe-kaɗensu, ya kai labaran talakawansu kasuwar duniya, masoyinsu za a kira shi ko mai cin moriyarsu? Tambayar ke nan da ta maƙale wa sunan Paul Bowles, marubucin Amurka da ya zauna a birnin Tanja na ƙasar Maroko daga 1947 har ya mutu a 1999.

A yankinmu, waɗanda suka san sunan galibi ta hanyar fim suka san shi. The Sheltering Sky na 1990, wanda a Nijar aka fi saninsa da sunansa na Faransanci, Un thé au Sahara, wato shan shayi a Sahara, an ɗauki wani sashensa a Agadas. Daga nan ake samun kuskure biyu. Wasu na ɗauka fim ɗin tarihin rayuwar marubucin ne. Wasu kuma na zaton abin da ya sa ake ce-ce-ku-ce a kansa shi ne shan wiwi da irin zaman auren da ya yi. Waɗannan duk suna cikin labarin, amma zafin da marubutan Maroko suka ji game da shi daga wani wuri ya taso, kuma sai an bi zancen daga tushe za a gane.

Makaɗi ne kafin ya zama marubuci

An haife shi ranar 30 ga Disamba 1910 a Queens da ke New York, ɗa tilo ga wani likitan haƙori mai tsananin horo. Shi da kansa ya ba da labarin cewa kakarsa ta taɓa gaya masa uban ya ajiye shi bakin buɗaɗɗiyar taga a daren sanyi yana jariri. Ko hakan ya faru ko bai faru ba, yaron da ya tashi da wannan labari a kunne ba a yi mamaki ba da ya girma yana rubuta duniyar da ba a yarda da kowa a cikinta.

Ya shiga Jami'ar Virginia, ya gudu Paris a 1929 ba tare da ya sanar da gida ba. Ya koyi tsara kiɗa a hannun Aaron Copland. A 1931 marubuciya Gertrude Stein ta ba su shawara shi da malamin nasa su je Tanja su huta, suka je, garin ya shiga ransa. Ya koma New York ya shafe shekaru yana tsara kiɗan wasannin dandamali, har da na Tennessee Williams, yana kuma rubuta sharhin kiɗa a jarida. Ya ɗan taɓa shiga jam'iyyar kwaminis ya fita. A 1938 ya auri Jane Auer, wadda ta riga shi fitar da littafin ƙagaggen labari a 1943. Aikin da ya yi wajen taya ta duba rubutunta na cikin abin da ya dawo da shi ga alƙalami. A 1947 ya ɗauki jaka ya nufi Tanja, Jane ta biyo shi a shekara mai zuwa.

Baƙo, ɗan ci-rani, ko kaka-gida?

Hausa na da sunaye ga mai barin gida. Ɗan ci-rani talauci ke kora shi, yana kuma ƙirga ranar komawa. Ɗan gudun hijira tsoro ke kora shi. Kaka-gida ya zauna ke nan, ya haɗa jini da mutanen wurin, jikokinsa ba za su san wani gari ba. Bowles bai shiga ko ɗaya ba. Ba wanda ya kore shi daga Amurka. Bai karɓi takardar zama ɗan Maroko ba, bai musulunta ba, bai koyi karanta Larabcin littafi ba, duk da yana jin Darija, wato Larabcin da ake yi a kasuwa da gida a Maroko, ga kuma Faransanci da Sifaniyanci a bakinsa. Turawa na da kalma ta musamman, expatriate, da suke kiran irinsa, wadda ba sa kiran ɗan Afirka da ita idan shi ne ya je ƙasarsu neman abinci. Ma'anarta a aikace ita ce baƙon da ya zo da kuɗinsa da fasfonsa, ya zauna don ya ga dama, kuma ƙofar fita a buɗe take masa kullum.

Tanjar da ya tarar ma ba kamar sauran Maroko take ba. Birnin da ya haifi Ibn Baɗɗuɗa a 1304 ya koma, bisa yarjejeniyar 1923, yankin da ƙasashen Turai da dama ke mulka tare, Faransa da Sifaniya da Birtaniya a gaba. Haraji kaɗan, canjin kuɗi ba ƙaidi, fasa-ƙwauri a fili, 'yan leƙen asiri a kowane gidan shayi. Mai dala a aljihu yana iya kama gida, ya ɗauki mai dafa abinci da direba da kuɗin da a New York ko haya ba za su biya masa ba. Abin da doka ta hana a Landan ko New York, a nan ido ake kawarwa. Shi ya sa garin ya cika da marubuta da masu zane da 'ya'yan masu kuɗi da suka gaji da gida. Wannan tsari ya ƙare a 1956 da Maroko ta sami 'yancin kai. Yawancin baƙin suka watse a hankali, Bowles ya zauna.

Game da aurensa, abin da masu tarihin rayuwarsu suka tabbatar shi ne shaƙuwa ce mai ƙarfi ba irin zaman da muka sani ba, kowannensu na da hulɗarsa a waje da 'yan jinsinsa. Jane ta sami shanyewar ɓarin jiki a 1957, ta yi jinya shekara 16, ta mutu a Malaga ta Sifaniya a 1973. Turawan Tanja sun daɗe suna raɗe-raɗin cewa wata 'yar Maroko da ke tare da ita ce ta yi mata sammu ko ta sa mata guba. Ba a taɓa kafa hujja ba. Raɗe-raɗin dai ya nuna irin idon da baƙin ke kallon masu yi musu hidima da shi.

Me ya rubuta da ya ɓata wa mutane rai?

Littafinsa The Sheltering Sky ya fito a 1949. Kamfanin Amurka da ya fara ba shi kuɗin somin-taɓi ya ƙi karɓar rubutun, sai John Lehmann ya buga shi a Landan, daga baya ya shiga jerin littattafan da aka fi saya a Amurka. Labarin miji da mata ne 'yan Amurka, Port da Kit, da abokinsu Tunner, da suka sauka a Aljeriya bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka yi ta nausawa kudu. Port na taƙama da cewa shi matafiyi ne ba ɗan yawon buɗe ido ba, domin ɗan yawon buɗe ido yana gaggawar komawa gida, matafiyi kuwa ba shi da gidan komawa. Zazzaɓin taifot ya kashe shi a wani barikin sojan Faransa a tsakiyar hamada. Kit ta bi ayari, wani matashin ɗan fatauci mai suna Belqassim ya sa mata kayan maza ya ɓoye ta a gidansa, daga ƙarshe hankalinta ya gushe.

Gajerun labaransa sun fi haka tsanani. A cikin ɗaya da ya fito a 1947, wani farfesan harsuna ya shiga hamada don nazarin karin harshe, makiyaya suka kama shi, suka yanke masa harshe, suka rataya masa gwangwanaye suka mayar da shi abin wasa. Mai karatu Bature ya ga gargaɗi game da girman kan mai ilimin boko. Mai karatu ɗan Arewacin Afirka ya ga an sake zana kakanninsa da wuƙa a hannu.

A nan ne kalmar istishraƙi ke shigowa. Asalinta nazarin da Turawa ke yi wa ƙasashen Gabas da na Musulmi ne, masu yin sa su ne mustashriƙai. Tun da Edward Said ya fitar da littafinsa a kan batun a 1978, kalmar ta ɗauki ma'anar zargi: a zana mutanen a matsayin masu ban mamaki, masu ban tsoro, waɗanda zamani bai taɓa su ba, domin Bature ya sami madubin duba kansa. Da wannan ma'auni, littafin Bowles na farko ba shi da wurin ɓuya. Hamadar cikinsa fage ce da aka share domin Ba'amurke ya mutu a kai. Masu kare shi na cewa ai Turawan cikin labaransa ne wawaye, su ne ke halaka saboda sun shiga abin da ba su sani ba. Gaskiya ne. Amma ko a labarin da Bature ne wawa, shi ne dai mai ciki da zuciya, sauran kuwa kamar guguwa suke, suna aukuwa ne kawai.

Littafin da ya fi wahalar yanke wa hukunci shi ne The Spider's House na 1955, kuma ni a ganina shi ya fi cancantar a karanta. Sunan daga Suratul Ankabut ya ɗauko shi, ayar da ke cewa mafi raunin gidaje shi ne gidan gizo-gizo. Labarin a Fas yake, birnin da 'yan Tijjaniyya na ƙasar Hausa ke zuwa ziyara, a shekarar 1954, lokacin da Faransa ta riga ta kori Sarki Muhammadu na Biyar daga ƙasar, gari ya ɗau zafi. Rabin littafin ta idon Amar ake kallonsa, yaro ɗan gidan sharifai wanda bai iya karatu ba, mai riƙo da addini irin na gado. Ɗaya rabin na Stenham ne, marubuci ɗan Amurka da ke ƙin Faransawa, yake kuma ƙin 'yan jam'iyyar Istiƙlal masu neman 'yanci, domin dukansu biyu za su canja masa tsohon birnin da yake ƙauna. Bowles ya san wannan son kai ne, ya kuma bar wata mata a cikin littafin ta gaya wa Stenham haka ido da ido. Marubucin da ya iya tona asirin kansa haka ba jahili ba ne. Sai dai sanin ciwo daban, warkewa daban. Har ƙarshen rayuwarsa in an yi hira da shi, kukansa ɗaya ne, Maroko ta lalace tun da zamani ya shigo. 'Yan ƙasar da suka sha wuya kafin su sami makaranta da asibiti da tutar kansu ba za su ji daɗin wannan kuka ba.

Rikoda, fassara, da tambayar wa ke da labari

Ga inda gizo ke saƙar. A 1959, da tallafin Gidauniyar Rockefeller, Bowles ya zagaya Maroko na tsawon watanni da na'urar naɗar sauti yana ɗaukar kaɗe-kaɗen gargajiya domin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Ya tara kimanin 250: na Berber a duwatsun Rif da Atlas, na Gnawa, na Andalus, har da waƙoƙin ibadar Yahudawan ƙasar. Na'urar sai da lantarki, don haka sau da yawa makaɗan ake kwasowa zuwa inda wuta take. Jami'an sabuwar gwamnati ba su yi murna da aikin ba, domin suna son duniya ta ga Maroko ta zamani, shi kuwa abin da suke jin kunyarsa yake bi. Yau masana kiɗa na ƙasar suna komawa ga waɗannan faya-faye, saboda wasu salon da ke ciki sun canja ko sun ɓace.

Da jinyar Jane ta hana shi natsuwar rubuta dogon littafi, sai ya juya rikodar ga mutane. Ya fara zama da samarin Tanja waɗanda ba su yi makaranta ba amma Allah ya ba su baki, su yi ta ba da labari da Darija, shi yana naɗa yana mayarwa Turanci. Larbi Layachi, mai gadi ne a wani gidan shayi na bakin teku, labarinsa ya fito a 1964 da sunan aro, aka kuma fassara shi zuwa wasu harsuna. Daga baya ya ƙaura Amurka ya fitar da wasu littattafai da sunansa na gaskiya. Mohammed Mrabet, masunci kuma ɗan dambe a ƙuruciyarsa, shi ya fi kowa daɗewa da shi. Daga 1967 zuwa gaba sun fitar da littattafai fiye da goma tare.

A 1972 Tahar Ben Jelloun, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Maroko da Faransanci, ya rubuta maƙala a jaridar Le Monde ya kamanta wannan aiki da fyaɗe. Hujjarsa ita ce muryar da ke cikin littattafan ta Bowles ce, an dai ari bakin talaka an ci albasa, an kuma zaɓi irin Marokon da Bature ke son gani: wiwi, tsafi, wuƙa, yaudara. Abin da ya sa zargin ke da wuyar kawarwa shi ne littattafan da Turanci suka fito, ba a buga asalin maganar Darija a gefe ba, don haka mai karatu ba shi da hanyar auna inda bakin mai labari ya tsaya da inda alƙalamin mai fassara ya fara. Amma zargin ma yana da ƙaiƙayi. Cewa mutumin da bai iya karatu ba ba zai iya ƙirƙirar labari mai tsari ba raini ne irin na 'yan boko, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban gwanar tatsuniya da daddare ya san ƙarya ne. Mrabet kansa bai taɓa yarda cewa labaran ba nasa ba ne.

Rigimar da ta fi kowace zafi ita ce ta Mohamed Choukri, domin shi marubuci ne da hannunsa. An haife shi a Rif a 1935, yunwa ta koro iyayensa Tanja, ya tashi a titi, sai da ya kai shekara 20 ya koyi karatu. Tarihin ƙuruciyarsa da Larabcin littafi ya rubuta shi, wanda Bowles ba ya iya karantawa. Sai ya zama Choukri na juya rubutun zuwa Darija da baki, suna daidaita ma'ana da Sifaniyanci da Faransanci, Bowles na rubuta Turanci. A haka littafin ya fito a Landan a 1973. Ko sunan kaɗai ya isa misali. Choukri ya sa masa Al-Khubz al-Hafi, wato gayan gurasa, wadda ba mahaɗi, abincin wanda ba shi da komai. Bowles ya sa masa For Bread Alone, wanda ke tuna wa mai karatu Kirista ayar Linjila da ke cewa ba da gurasa kaɗai mutum zai rayu ba. Sunan ya yi daɗi a kunnen Bature, amma yunwar ciki ta koma zancen falsafa.

Ben Jelloun, wanda ya zagi aikin Bowles, shi ya fassara littafin zuwa Faransanci a 1980. Na Larabci sai 1982 ya fito, aka hana shi a Maroko saboda bayanin karuwanci da shaye-shaye da zagin uba da ke cikinsa. Wato shekara tara mutanen Landan na karanta yaron Tanja kafin mutanen Tanja su gan shi da harshensu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu kare Bowles: ƙofar gida a rufe take, shi ya buɗe ta waje.

Choukri bai ga abin haka ba. A 1996 ya fitar da littafi sukutum a kan Bowles, ya zana shi a matsayin marowaci, mai sanyin zuciya, mai son Maroko amma ba ya son 'yan Maroko, ya kuma yi ƙorafin cewa abin da ya shigo hannunsa daga bugun Turanci bai taka kara ya karya ba. Bowles ya musanta cin haƙƙin kowa. Ni dai abin da na lura shi ne, ko da an ɗauka bai ci sisin kowa ba, shi ke da rikoda, shi ke da adireshin kamfanonin ɗab'i, shi ke karanta takardar yarjejeniya, ta hannunsa wasiƙa ke shigowa. Wanda duk wannan ke hannunsa ba sai ya yi sata ba kafin a ji ana bin sa bashi, shi kuma ɗaya ɓangaren ba shi da yadda zai tabbatar wa kansa cewa ba a cuce shi ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga adabin Hausa. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila, shi ya zauna ya yi wa J. F. Schön bayanin rayuwarsa da tatsuniyoyi, littafin ya fito a 1885 da sunan Schön a bango. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga da Turanci a 1954, ita kuwa ta riga ta rasu. Ba don waɗannan littattafai ba da muryoyin sun bi iska. Amma ka duba wa ake ambata idan an zo lissafin marubuta.

Fina-finan iri uku ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba

Iri na farko su ne waɗanda aka ɗauko daga labaransa. Babbansu shi ne The Sheltering Sky na Bernardo Bertolucci, wanda ya yi shi yana kan ganiyarsa bayan The Last Emperor ya kwashe kyautar Oscar tara. John Malkovich ya fito a Port, Debra Winger a Kit. An ɗauka a Maroko da Aljeriya da Nijar. Hoton Vittorio Storaro ya ci kyautar BAFTA, kiɗan Ryuichi Sakamoto da Richard Horowitz ya ci Golden Globe, kuma duk wanda ya ga yadda ayarin raƙuma ke ratsa tudun yashi da almuru a fim ɗin ya san ba a banza aka ba su ba.

Bertolucci ne ya haddasa ruɗanin da ake yi tsakanin labari da rayuwa. Ya karanta littafin a matsayin labarin Paul da Jane, ya sa aka yi wa Winger kama da Jane, sannan ya zaunar da Bowles kansa, tsoho ɗan kusan 80, a kusurwar wani gidan shayi yana kallon taurarin yana magana da muryarsa a farko da ƙarshe. Mai kallo sai ya ɗauka tsoho ne ke tuna ƙuruciyarsa. Alhali a littafin miji ne ya kwanta ciwo matar ta yi jinya ta gudu, a rayuwa kuwa matar ce ta kwanta, mijin ya zauna, kuma an rubuta littafin shekaru kafin ciwon ya zo. Bowles bai ɓoye rashin jin daɗinsa da fim ɗin ba, musamman ƙarshensa. Littafin a cikin kan mutane yake gudana, kamara kuwa fuska take gani. Abin da ya kasance firgici a takarda sai ya fito kamar katin gaisuwa.

Sashen Nijar ya cancanci a tsaya a kansa. Belqassim, babban namijin wannan sashe, Eric Vu-An ne ya fito a matsayinsa, ɗan rawan Faransa. Buzayen gaske su ne suka cika fage da raƙumansu, kuma abin da suke faɗa ba a fassara wa mai kallo, domin a sa shi ya ji ɓatan da Kit ke ji. Dabara ce mai kyau ta fim, amma sakamakonta shi ne mutanen da ke magana mai ma'ana sun koma sauti. Cikin waɗanda suka taimaka wajen shirya aikin a Nijar akwai Mano Dayak, mai kamfanin yawon buɗe ido a Agadas. A watan Mayun 1990, watanni kafin fim ɗin ya shiga sinima, aka yi kashe-kashen Cin-Tabaraden, tawayen Buzaye ya biyo baya, Mano Dayak ya zama ɗaya daga cikin jagororinsa har ya mutu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1995. Filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Masu kallo a Paris da New York suna ganin hamadar da lokaci ya tsaya mata cak, alhali mutanen da ke cikin hoton suna tsakiyar rikicin siyasa na zamaninsu.

Iri na biyu shi ne inda inuwarsa kawai ta fito. A Naked Lunch na David Cronenberg, 1991, wanda aka gina kan rayuwa da rubutun marubucin Amurka William Burroughs, akwai wasu ma'aurata marubuta, Tom da Joan Frost, da kowa ya san Paul da Jane ake nufi. An so a ɗauki fim ɗin a Tanja, Yaƙin Tekun Fasha ya hana, aka gina garin a cikin ɗakin ɗaukar fim a Toronto. Kada a nemi tarihi a nan.

Iri na uku su ne fina-finan gaskiya, waɗanda ba 'yan wasa sai shi da waɗanda suka san shi. Gary Conklin ya yi ɗaya a 1970. Akwai The Complete Outsider a farkon shekarun 1990, da Night Waltz na Owsley Brown a kan kiɗansa, da The Cage Door Is Always Open na Daniel Young a 2012. Wanda ya fi suna shi ne Let It Come Down na Jennifer Baichwal, 'yar Kanada, wanda ya fito a 1998 ya ci kyautar Emmy ta ƙasa da ƙasa. A ciki ana ganinsa kwance a gado yana zuƙar kif, wato wiwin Maroko da ake haɗawa da taba, yana amsa tambaya a natse kamar mai ba da labarin wani. Akwai haɗuwarsa da Burroughs da marubucin waƙoƙi Allen Ginsberg a New York a 1995, lokacin da ya koma birnin bayan shekaru fiye da ashirin don bikin kiɗansa. Baichwal ta yi abin a yaba, ta ba Choukri dama ya faɗi nasa. Duk da haka tsarin irin waɗannan fina-finai ɗaya ne: tsohon ne a tsakiya, 'yan Maroko shaidu ne da ake kira su yi minti biyu su koma. Shi kuma gwanin zillewa ne. Tarihin rayuwarsa da ya fitar a 1972 ya sa masa Without Stopping, ba tsayawa, Burroughs ya ce kamata ya yi a kira shi ba faɗa, don ba abin da ya faɗa a ciki. Kamara ba ta fi alƙalami iya matse shi ba.

Abin da ya rage a hannun mutanen gari

Ga Tanja, sunan Bowles ya zama haja. Tun yana raye baƙi ke hawa benen Itesa inda yake zaune su ƙwanƙwasa ƙofa, domin ba shi da tarho, ya kuwa karɓe su. Yau masu yi wa baƙi jagora na nuna gidajen shayin da ya zauna, kuma tsohon ofishin jakadancin Amurka da ke cikin tsohon gari, wanda sarkin Maroko ya ba Amurka a 1821, ya ware masa sashe. Mai otal da mai tasi da mai sayar da darduma suna samu. Farashin shi ne baƙon yana zuwa neman Tanjar 1950 ne, ta 'yan leƙen asiri da hayaƙin kif, yana kuma jin haushi idan ya tarar da birni mai babbar tashar jiragen ruwa da jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ya fara aiki a 2018.

Ga mai baki kuwa, makaɗi ko mai tatsuniya ko tsohuwa mai tarihin gari, rikodar Bowles yanzu tana aljihun kowa. Mai waya zai naɗi waƙar makaho a bakin kasuwa ya ɗora a YouTube, dubbai su kalla, kuɗin talla su shiga asusunsa. Ba sai ya zama Bature ba, sau da yawa ɗan unguwa ne. Tambayoyin da Choukri ya yi su ne dai: da sunan wa, da izinin wa, kason wa, kuma wa ya ga takardar?

Bowles ya mutu ranar 18 ga Nuwamba 1999 a asibitin Italiya da ke Tanja yana da shekara 88. Ba a binne shi a ƙasar da ya shekara 52 a cikinta ba. An ƙona gawarsa, aka kai tokar Lakemont a jihar New York, kusa da kabarin iyayensa. A shekarar 2000 aka ɗage takunkumin da ke kan littafin gayan gurasa. Choukri ya ga hakan da idonsa kafin ya mutu a Nuwambar 2003, aka binne shi a maƙabartar Marshan a Tanja. Littafin na nan a shagunan garin da Larabcinsa, sunan mutum ɗaya ne a bango.